Kasuwa Ba Dillali: Yadda Shafin Intanet Ke Ɓatar Da Baƙo

Duk ɗan Arewan da ya taɓa sauka a Upper Iweka ta Anacha da asubar fari, bayan ya kwana biyu a bayan tirela tare da buhunan albasa, ya san abin da Hausawa ke nufi da suka ce baƙo makahon gari. Ga gari ya cika ya batse, ga hayaniyar 'yan kamasho, ga harshen da bai taɓa ji ba. Amma duk da haka da wuya ka ji an ce wane ya ɓace a Anacha. Kafin hantsi ya dubi ludayi zai hango mai shayi ko mai gyaran takalmi da hula irin ta gida, ya yi masa sallama. Wannan zai nuna masa hanyar masallacin Bida Road, can kuma a tambaye shi garinsu da abin da ya kawo. In kayan gwari ne an san wanda za a haɗa shi da shi, in dabbobi ne an san inda za a tura shi, in kuwa ci-rani ya zo hannu rabbana, ba za a rasa ɗan garinsu da zai ba shi gefen tabarma ba. Haka abin yake a Inugu, tun daga Gariki har zuwa Owerri Road cikin Asata, haka kuma yake a Fatakwal, ko a Diobu ko can wajen Oyigbo.

Wannan ba sa'a ba ce, tsari ne. Tun zamanin fataken goro aka gaje shi: akwai sarkin zango, akwai fatoma mai saukar da baƙi, akwai dillali wanda ya san kowace rumfa da mai ita. Kowane ɗaya daga cikinsu aikinsa shi ne ya amsa tambayar baƙo, ko ya miƙa shi ga wanda zai amsa.

To, yanzu ga wata sabuwar kasuwa ta buɗe, wadda kowa ke shiga ko yana so ko ba ya so, kuma ba ta da fatoma, ba ta da dillali. Ita ce shafukan intanet da manhajojin waya na hukumomi da bankuna. A cikinsu ake neman lambar ɗan ƙasa, a cikinsu ake gyara suna, ake neman fasfo na zuwa Umra, ake yi wa yaro rajistar jarrabawar shiga jami'a, ake mayar da katin zaɓe daga gida zuwa inda mutum yake zaune. Wanda ya ɓace a ciki ba mai shayin da zai tambaya.

ABIN DA AKE HASARA

Kada mai karatu ya ɗauka wannan magana ce ta 'yan boko kawai. A watan Disamba na 2020 Gwamnatin Tarayya ta ba da umurni cewa kowane layin waya sai an haɗa shi da lambar ɗan ƙasa ta NIN. An yi ta ɗaga wa'adi, har ran 4 ga Afrilu, 2022, aka hana layuka fiye da miliyan 72 buga waya. Sa'an nan a Disamba na 2023 Babban Bankin Nijeriya ya ce asusun da ba shi da lambar BVN ko NIN za a hana fitar da kuɗi daga cikinsa daga watan Maris na 2024.

Ga ma'aikacin ofis a Abuja, toshe layi ɓacin rai ne na yini guda. Ga mai saro tumatir a Fatakwal kuwa, wayar nan ita ce rumfarsa. Da ita yake sanin inda direba ya kai, ko ya wuce Lokoja ko mota ta lalace a hanya. Da ita yake jin farashin yau a Arewa kafin ya yanke na Kudu. Da ita yake aika wa iyali kuɗin cefane. Tumatir ba ya jiran a gyara suna. Kuma sau da yawa mutumin da aka toshe ba ƙin yin rajista ya yi ba. Ya yi, har ya kwana a layi. Abin da ya faru shi ne sunan da ke banki bai zo daidai da na NIN ba, ko ranar haihuwa ta saɓa, shi kuwa bai san ƙofar da zai bi ya gyara ba.

Wannan ƙofa da ba a gani, ita ce abin da masana ke kira tsarin bayanai. Wani mai zanen gine-gine ɗan Amurka, Richard Saul Wurman, shi ya yayata sunan a wani taro da aka yi a birnin Filadelfiya a 1976, tun ba a san intanet ba. Hujjarsa ita ce bayanai ma gini ne, suna bukatar wanda zai zana su kafin a aza tubali. A 1998 wasu mutum biyu da suka karanta aikin laburare, Louis Rosenfeld da Peter Morville, suka rubuta littafi kan yadda za a yi wannan zane ga shafukan intanet. Suka ce abu huɗu ne: yadda aka rarraba kaya, sunan da aka ba kowane kashi, hanyoyin da ke tsakaninsu, da yadda mutum zai yi cigiya.

Ɗan kasuwa ya san waɗannan duka, sai dai bai ba su suna ba. Dubi Kano. Mai neman atamfa ya nufi Kantin Kwari, mai neman hatsi ya nufi Dawanau, kayan miya 'Yan Kaba, kayan marmari 'Yan Lemo. Sunan da kansa alama ce: yaro ma in ya ji 'Yan Katako ya san ba a sayar da man shanu a can. Mutanen Anacha su ma gwanaye ne a nan. Ogbo Ogwu ta Bridge Head magani ake sayarwa, sunan ma abin da yake nufi ke nan da harshen Ibo. Ose Okwodu kayan abinci. Babbar kasuwa kuma an yanka ta layi-layi, kowane layi da irin hajarsa da shugabanninsa. Ba wanda ya raba kasuwa bisa sunayen masu rumfuna ko shekarar da suka kama haya, domin mai saye ba ruwansa da wannan. Shi takalmi ya kawo shi.

Amma je ka buɗe shafukan ma'aikatu da yawa. Abin da zai fara tarbarka shi ne hoton shugaba, sai jawabin maraba, sai tarihin kafa hukuma, sai jerin sassa da daraktoci, sai hotunan taron bita. An tsara shafin ne yadda ofishin yake a idon ma'aikatansa. Mutumin da ya zo domin gyara harafi ɗaya a sunansa sai ya fara sanin wane sashe ne ke da alhakin haruffa. Kamar a ce ka shiga kasuwar Ogbete neman tukunya, a ce sai ka karanta sunayen 'yan kwamitin kasuwa tukuna.

Ingila ma ta yi fama da wannan ciwo. Shi ya sa a watan Oktoba na 2012 gwamnatinsu ta buɗe shafi guda, GOV.UK, ta yi ta tattara ɗaruruwan shafukan ma'aikatu a cikinsa, ta raba shi bisa bukatun mutane: haihuwa da mutuwa da aure, tuƙi, haraji, fasfo, neman aiki. Ƙa'idarsu ta farko ita ce a fara da bukatar mai amfani, ba ta gwamnati ba.

Ba sai an je Turai ba ma. Masu waya za su tuna lokacin da kowane kamfani yake da lambarsa ta duba kuɗi da ta sa kati, har mai layi biyu ya riƙa rikicewa. A 2023 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta daidaita su: 310 duba kuɗi, 311 sa kati, 312 sayen data, 300 kiran kamfani, 996 al'amarin NIN, ko wane layi mutum yake riƙe da shi. Ba a kafa sabon turke ba, ba a ja sabuwar waya ba. Alamomi kawai aka gyara, amma tsoho mai ƙaramar waya ya huta.

GURBI UKU, SUNA HUƊU

Inda abin ya fi cin Bahaushe shi ne fom. Kusan kowane fom gurbi uku yake bayarwa: sunan farko, na tsakiya, da sunan zuriya. Wannan tsarin Bature ne, inda iyali guda ke riƙe da suna guda kaka da kakanni. Bahaushe ba haka yake ba. Yana da sunan yanka, yana da sunan rana ko laƙabi wanda ma ya fi shahara da shi, yana da sunan uba, wani kuma makaranta ta liƙa masa sunan garinsu. Abubakar Tafawa Ɓalewa, Aminu Kano, Shehu Shagari, duk sunayen garuruwa ne a ƙarshe. To wanne ne sunan zuriya?

Sai a ce mutum ya buɗe asusu a Sakkwato, akawu ya sa sunan ubansa a gurbin zuriya. Bayan shekara biyar ya yi rajistar NIN a Inugu, wanda ya rubuta kuma, da yake ba Bahaushe ba ne, ya ji sunan garin a ƙarshe ya sa shi a gurbin. Na farko ya rubuta Muhammadu, na biyu ya rubuta Mohammed, katin zaɓe kuma ya ce Mamman. Ga mutanen zango mutum ɗaya ne, kowa ya san shi. Ga kwamfuta mutum uku ne, kuma ba ta jin rantsuwa. Mata sun fi shiga uku, domin wata takarda sunan uba, wata sunan miji.

Akwai kuma haruffa masu lanƙwasa, watau ɓ da ɗ da ƙ, waɗanda ake rubutun boko da su tun shekarun 1930. Wayoyin zamani suna iya rubuta su, Google ya sa Hausa cikin fassararsa tun 2013, Facebook ma ya bi a 2016. Amma har yanzu akan gamu da fom ɗin da zai ƙi karɓar Ɗanladi, ko ya ga ɗigon da ke cikin Sa'idu da Mu'azu ya ce an yi kuskure, ba kuwa zai faɗi inda kuskuren yake ba. Sai jan rubutu da Turanci, shi ke nan. Dillalin da zai ce wa baƙo "ka yi kuskure" ya juya baya, ba zai kwana biyu a kasuwa ba.

Ranar haihuwa ita ma haka. Dattijon da aka haifa a ƙauye ya san da damina ce ko da kaka, ya san shekarar da wane sarki ya hau, amma fom na son rana da wata. Sai mai cikewa ya ƙago masa, galibi 1 ga Janairu, wani mai cikewar kuma a wani wuri ya ƙago wata daban.

Sai batun jihar asali da ƙaramar hukuma. Nijeriya tana da ƙananan hukumomi 774, Kano kaɗai 44, Katsina 34. Wasu sunayen ma sun maimaitu: akwai Nasarawa a Kano, akwai ta jihar Nasarawa, akwai Bassa a Filato, akwai a Kogi. Shafin da aka tsara da hankali zai sa ka zaɓi jiha tukuna, sa'an nan ya nuna maka nata kawai. Wanda aka yi da ka kuwa sai ya zubo maka su gaba ɗaya a fuskar waya mai faɗin tafin hannu. Wannan mai sauƙi ne. Mai wuyar shi ne yaron da aka haifa a Asata, ya yi makaranta a Inugu, yana jin Ibo kamar jakin Kano da Hausa, bai taɓa kwana bakwai a garin kakansa ba. In fom bai bambanta asali da mazauni a fili ba, yaron zai cika abin da ya ga dama, daga baya a nemi takardar shaidar ƙaramar hukumar da ba ta san shi ba. A garin nan ne fa aka zaɓi Malam Umaru Altine, mutumin lardin Sakkwato, ya zama magajin gari na farko a shekarun 1950. Da a ce yau ne, Allah kaɗai ya san gurbin da zai cika.

Katin zaɓe ma ya shiga cikin lissafi. A watan Yuni na 2021 Hukumar Zaɓe ta ƙara rumfuna 56,872, jimla ta zama 176,846, kuma a ƙarshen watan ta buɗe shafin da mutum zai fara rajista ko ya nemi a mayar da katinsa wani gari. Wannan gata ne ga ɗan ci-rani, wanda a da sai ya hau mota ya tafi gida ko ya haƙura da ƙuri'arsa. Amma gatan na wanda ya iya bin hanyar ne har ƙarshe.

SABABBIN DILLALAI

Da yake ba a barin gurbi a kasuwa, dillalai sun fito. Su ne samarin da ke da shagon kwamfuta ko tebur da laima a bakin kasuwa, suna cike wa mutane fom a biya su. Mafi yawansu neman halak suke yi, kuma ba don su ba da mutane da yawa sun tagayyara. Sai dai akwai bambanci. Dillalin zango yana da fatoma a kansa, yana da Sarkin Hausawa da za a kai ƙararsa. Mai tebur kuwa gobe ana iya nemansa a rasa.

Ɓarnar da aka fi yi ba ta mugunta ba ce, ta gaggawa ce. Fom ya nemi adireshin imel, dattijo ba shi da shi, sai yaro ya sa nasa. Ya nemi lambar waya, sai a sa ta wani ɗan rakiya. Bayan shekara biyu a zo gyara, a ce an aika lambar sirri zuwa wancan layin, mai layin kuwa ya koma gida noma, ko layin ya mutu an sayar wa wani. Iyayen masu jarrabawar JAMB su kula da wannan ƙwarai, domin layin da yaro ya aika saƙo da shi zuwa 55019 ya karɓi lambar rajista, shi ne hukumar ta sani. Kada a yi da layin aro. Kuma kowane fom aka cike wa mutum, ya sa a karanta masa sunansa harafi-harafi kafin a danna, ya ajiye takarda guda wadda duk sauran za su bi.

IN ƘUNGIYA ZA TA GINA NATA

Yanzu ƙungiyoyin 'yan Arewa a Kudu, na masu albasa da na dillalan shanu da kwamitocin masallatai, su ma sun soma sha'awar a yi musu shafi. Ba laifi. Amma abin da aka saba gani shi ne a ba wani yaro kuɗi, ya dawo da hoton shugaba sanye da babbar riga, da jerin masu muƙamai har mataimakin ma'aji na biyu. Watau ciwon da ake kuka da shi a ofisoshi, shi aka kwaso.

Masu wannan sana'a suna da wata dabara mai arha. Kafin a taɓa kwamfuta, a zauna a rubuta tambayoyin da mutane ke yi wa sarkin zango da sakatarensa a mako guda, kowace a ƙaramar takarda. Ina ake lodin Kano, ƙarfe nawa mota ke tashi? Nawa buhu ya kwana? Gobe kasuwa za ta ci? Wannan ta ƙarshe ba wasa ba ce ga duk wanda ya zauna a Anacha ko Inugu bayan Agusta na 2021, sa'ad da aka fara zaman gida na ran Litinin, aka bar direbobi da ɗanyen kaya a bakin gada. Wa za a kira in 'yan sanda sun kama yaro? In an yi rasuwa da dare, ina maƙabarta, wa ke riƙe da makara? Sa'an nan a ba mutane daban-daban takardun nan, da tsoho da matashi da mace mai sayar da abinci, kowa ya tara waɗanda yake ganin dangin juna ne, ya raɗa wa kowane tari suna da bakinsa. Sunayen da suka fi maimaituwa, su ne ƙofofin shafin. In mutane sun ce "mota", kada a rubuta "sashen sufuri da zirga-zirga".

A kuma tuna da irin wayar da ke aljihun jama'a da tsadar data, balle tun da aka yarda wa kamfanoni ƙarin kashi 50 cikin ɗari a watan Janairu na 2025. Hoto mai nauyi kuɗin wani yake ci. Da yawa kuma sun fi gane magana da kunne, wasu ajami suka iya ba boko ba, saboda haka saƙon murya na minti guda ya fi shafi uku na rubutu amfani a wurinsu.

Akwai abin da bai kamata ya hau shafi ba sam: rajistar 'yan ƙungiya da sunayensu da lambobinsu da unguwar da kowa yake kwana. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta hana a watsa irin wannan ba da yardar masu shi ba, kuma ko ba doka, wanda ya san tarihin zaman baƙunta ba sai an yi masa dogon bayani ba. Lambar ofis guda ko biyu ta isa. Littafin rajista ya zauna a akwatin sakatare.

In an gama, a gwada. Wani masani ɗan ƙasar Denmak, Jakob Nielsen, ya rubuta a shekara ta 2000 cewa mutum biyar sun isa su tono mafi yawan matsalolin shafi. Ba sai an yi hayar zaure ba. A ɗauki waya a je rumfar mai shayi a Mile One bayan sallar asuba, a miƙa wa mutum, a ce masa nemo lokacin da motar Gusau ke tashi. Wanda ya gina shafin ya tsaya a gefe ya kama bakinsa, kada ya nuna, kada ya ce "a'a, can sama". Ya dai duba inda yatsan mutumin ya tsaya yana dawurwura, ya rubuta, ya miƙa wa na biyu.